Kumburin Cikin Kare Bayan Cin Abinci: Wanda Ake Jira da Wanda Ba a Jira

A yawancin gidajen Omdurman da Khartum da ke da karen gadi, sau ɗaya ake ba shi abinci, kuma da dare. Tun hantsi yana kwance a gindin randa yana haki, domin a watannin Mayu da Yuni zafin garin nan kan haura digiri 40, ba mai marmarin ci da rana, mutum ko dabba. Sai bayan isha'i, an tashi daga kan tire, a tattara abin da ya rage: guntun kisra, asidar da ta sha miya, ful ɗin safe, burodin jiya da aka jiƙa, da ƙasusuwa. A juye masa a tsohuwar roba. Kafin yaron da ya kai ya juya baya, ya lamushe. Daga nan ya wuce wurin ruwa ya sha har cikinsa ya yi tim, sai wani ya taɓa ƙofa, ya zabura da gudu yana haushi.

Mafi yawan darare lafiya ake kwana. Amma wannan tsari, abinci mai yawa a zama ɗaya, ci da gaggawa, ruwa a kai, guje-guje a bisa, shi ne ke share wa mafi munin ciwon cikin kare hanya. Saboda haka abu na farko da nake so mai kare ya riƙe shi ne kumburi iri biyu ne. Akwai wanda za ka zuba wa ido zuwa safiya, akwai wanda idan ka jira safiya gawa za ka tarar. Ana iya rarrabe su a tsakar gida, da fitilar waya, cikin minti biyu.

Bari mu fara da mai kisan. Tumbin kare ba a manne yake da bangon ciki ba, a rataye yake tsakanin maƙogwaron abinci da farkon hanji. Idan ya cika da abinci da ruwa da iska ya yi nauyi, yakan juya a kan kansa, rabin zagaye ko ma zagaye guda. Ka ɗauki salka cike da ruwa, ka murɗe ta sama da ƙasa, to haka abin yake: ba mafita ta baki, ba mafita ta hanji. Abincin da ke ciki ya ci gaba da tsami yana ta da iska, tumbin ya yi ta cika har ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Sau da yawa yakan ja saifa ya juya tare da ita. Jini ya daina isa bangon tumbin, naman ya fara mutuwa, bugun zuciya ya rikice. Duk wannan cikin 'yan awoyi yake faruwa.

Babbar alamarsa ita ce kakarin amai ba tare da komai ya fito ba. Kare zai miƙe wuya, ya buɗe baki, cikinsa ya yi ta yunƙuri, amma sai ɗan farin kumfa ko dalala mai yauƙi. Ya huta kaɗan, ya sake. Ba ya iya kwanciya. Ya kwanta ya tashi, ya zaga tsakar gida, ya tsaya ƙafafu a ware, baya a gantsare sama, yana waiwayen kwiɓinsa. Idan ka ga haka, durƙusa a gefensa, ka sa tafin hannu a bayan haƙarƙarinsa na ƙarshe, musamman ta hagu. Cikin lafiyayyen kare, ko ya ƙoshi, yana lotsawa idan ka danna a hankali. Wannan kuwa tauri gare shi, fatar a miƙe. Ɗalle shi da ɗan yatsa, za ka ji amon wurin da ba komai a ciki sai iska. Sannan ɗaga leɓensa na sama ka haska dasashi. Mai lafiya ja-ja ne mai danshi, idan ka danna da yatsa ya yi fari, jan zai dawo kafin daƙiƙa 2. Idan ka gan shi fari fat, ko ruwan toka, ko jan ya yi jinkirin dawowa, jini ya fara gazawa. Sa hannu a ƙirjinsa ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba. Babban kare da ke hutawa zuciyarsa kan buga tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Idan tana tsere har ka kasa ƙirgawa, kada ka ƙara duba komai, nemi abin hawa.

Wata magana kuma: a kare mai zurfin ƙirji, tumbin na iya ɓuya a ƙarƙashin haƙarƙari, kumburin bai fito fili ba. Kakarin aman banza da rashin natsuwa bayan cin abinci sun isa hujjar tafiya, ko cikin bai yi girman da kake zato ba.

Na san akwai masu ƙyamar taɓa bakin kare. A mazhabar Malikiyya da mu da mafi yawan mutanen Sudan muke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da yawunta, kuma dabbar da ka ajiye don gadi haƙƙinta na wuyanka. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne cizo. Kare mai ciwo yakan ciji ubangidansa, kuma haukan kare bai bar ƙasar nan ba. Shi ma dalala na cikin alamunsa. Idan karen ba a yi masa allurar rigakafi ba, ko ba ka san tarihinsa ba, ko ka ga halinsa ya sauya kwana biyu kafin nan, kada ka kai hannu bakinsa. Sa leda ko safar hannu idan akwai rauni a yatsunka. In tsautsayi ya sa ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar.

Murɗewar tumbi ba ta da maganin gida, ko ɗaya. Ina faɗa da ƙarfi ne domin na san abin da hannu ke fara kaiwa gare shi idan an ruɗe: man gyaɗa ko man riɗi a ɗura, jiƙon kanwa, ruwan gishiri don ya yi amai, lemon kwalba don ya yi gyatsa, ko a kwantar da shi a yi ta murza cikin. Ƙofar a rufe take, duk abin da ka ɗura ko dai ya tsaya a maƙogwaro ko ya sarƙe shi ya faɗa huhu. Ruwan gishiri mai kauri kuwa shi kansa guba ne. Kada kuma a ba shi farasitamol, ko ibuprofen, ko diclofenac daga cikin magungunan gida. Waɗannan na iya huda tumbin kare, su lalata masa ƙoda ko hanta, ko da ciwon nasa ƙarami ne. Akwai kuma masu cewa a soka allura a kwiɓi iskar ta fita. Likita yana yin haka, gaskiya ne, amma ya san inda saifa take, kuma yana yi ne don ya sami lokacin shiga tiyata. A hannun wanda bai koya ba, allurar na iya fasa saifa, kuma ko iskar ta fita tumbin yana nan a murɗe.

Abin yi shi ne a ɗauke abinci da ruwa, a kira likitan dabbobi tun ana hanya don ya shirya, a shimfiɗa bargo a ɗauki karen mutum biyu, ba tare da an matsa cikinsa ba. Kada a ɗaure masa baki tam, yana bukatar haki kuma yana kakari. A asibiti za a fara da ƙarin ruwa ta jijiyar ƙafafun gaba, a rage iskar da bututu ta baki ko da allura, a ɗauki hoto idan akwai na'ura, sannan a buɗe ciki a mayar da tumbin mazauninsa, a ɗinke gefensa da bangon ciki ta dama don kada ya sake juyawa. Wannan ɗinkin kada a yarda a tsallake shi. In ba a yi ba, mafi yawan karnukan da suka tsira ciwon yakan dawo musu, in an yi kuwa da wuya ya dawo. Cikin waɗanda aka kai da wuri aka yi wa aiki, kimanin 8 cikin 10 kan tashi. Wanda ba a yi wa ba kusan babu mai tsira.

A nan ne halin da birnin yake ciki ya shigo. Khartum ba baƙuwar likitancin dabbobi ba ce. Makarantar da ta zama tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Khartum, wadda ke Shambat, tun 1938 aka kafa ta, ga ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a Hillat Kuku, ga babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Soba. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa ma'aikata da kayan aiki, Bahri, inda Shambat take, ta sha wuta, gadar Shambat da ke haɗa ta da Omdurman an karya ta a watan Nuwamba na shekarar. Lambar likitan da ke cikin wayarka tun kafin yaƙi mai yiwuwa mai ita yana Alƙahira ko Port Sudan. Don haka shawarata ita ce ka yi wannan aikin da rana tsaka, karenka na lafiya. Taka da ƙafarka zuwa shagon maganin dabbobi mafi kusa da kai, ko a Sawra kake, ko Umbadda, ko Ingaz, ko Mayo, ka tambaya: wane likita ne ke buɗe cikin kare, ba mai allura da maganin tsutsa kaɗai ba? Yana amsa waya da dare? Ta wace gada zan bi in isa wurinsa? Karɓi lamba biyu, ka haɗa da ta mai raksha ko mai motar unguwa da zai fito maka da tsakar dare, ka bar ɗan abin da ya sawwaƙa a asusunka na Bankak. Idan kuma ta tabbata tiyata ba za ta samu ba, ko kuɗinta ya fi ƙarfinka, ka gaya wa likita gaskiya, ka roƙe shi ya kawo ƙarshen wahalar dabbar da allura. Barinta ta kwana tana shure-shure a tsakar gida ba tausayi ba ne.

Ba kowane kare ne ke cikin wannan haɗari daidai da ɗan'uwansa ba. Ciwon ya fi kama manya masu zurfin ƙirji da tsukakken ciki: karen Jamus mai tsayayyun kunnuwa irin na 'yan sanda, wanda masu gidaje da gonaki ke so, da Dobaman, da dogon nan Great Dane. Salukin farauta ma ƙirar jikinsa ke nan. A Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana a Amurka, Dakta Lawrence Glickman da abokan aikinsa sun bi manyan karnuka sama da 1,600 na tsawon shekaru, suka fitar da sakamako a 2000. Sun ƙiyasta cewa Great Dane kusan 4 cikin 10 za su gamu da ciwon a rayuwarsu. Sun ga haɗarin na ƙaruwa da shekaru, da saurin ci, da kuma idan uwa, uba ko ɗan'uwan karen ya taɓa yi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kwanon da ake ɗorawa a kan wani abu mai tudu, wanda a da ake cewa yana kariya, sai suka tarar yana tafiya da ƙarin haɗari. Ajiye masa kwanonsa a ƙasa. In za ka sayi ɗan kwikwiyo na irin waɗannan, tambayi mai sayarwa abin da ya kashe iyayensa ko kakanninsa.

Karen gida na baladi, matsakaici mai sirara, bai cika murɗewar tumbi ba. Nasa ciwon daga bola da ragowar tukunya yake zuwa, kuma shi ne nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba. Cikin ya cika, yana ƙugi, karen na tusa yana gyatsa, wataƙila ya yi amai sau ɗaya abincin ya fito, ya koma ya kwanta. Cikin na lotsawa, dasashi ja, yana kaɗa wutsiya idan ka kira shi. Wannan za ka iya lura da shi a gida. Idan babba ne, hutar da cikinsa awa 12, kana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Bayan nan dafaffiyar farar shinkafa ba mai ba yaji, da ɗan naman kaza da aka tafasa aka cire fata da ƙashi, 'yar kaɗan sau 3 ko 4 a yini, kwana 2 zuwa 3, sannan a koma abincinsa a hankali. Ɗan kwikwiyo ba a hana shi ci haka, sukarin jininsa na saurin faɗuwa. Kuma ko a babban, ka leƙa shi bayan kowace awa a daren farko, domin cikar ciki na iya rikiɗewa ta zama murɗewa. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko ka ga jini, ko kashi baƙi wuluk, ko an wuni an kwana bai warware ba, sai likita.

Yanzu ga abin da ke cikin robar. Ful wake ne, kuma abin da yake yi wa cikin mutum yana yi wa na kare fiye da haka. Ɗan kaɗan a cikin sauran abinci ba laifi, amma kada ya zama shi ne abincin. Madara ma yawancin manyan karnuka ba sa narkar da ita, sai zawo da iska. Miyarmu kuwa matsalarta albasa. Tagaliya da sauran mulah da albasa ake kafa su, kuma albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya. Kare mai kilo 20, albasa gram 100, wato matsakaiciya guda, ta isa ta taɓa shi, kuma kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Alamar ba ta fita a daren, sai bayan 'yan kwanaki ka ga kasala, dasashi fari, fitsari ja-baƙi. Ba shi asidar, amma a ɗebo masa tun kafin a zuba miya.

Kwaɓin fulawa da aka sa wa yis aka rufe don ya tashi, na burodi ko na zalabiya, a ɗora shi inda kare ba zai kai ba. Ɗumin tumbi ya fi masa ko'ina daɗin tashi, zai kumbura a ciki, ya kuma fitar da barasa ta shiga jini. Wanda ya ci wannan ba a jira da shi.

Sai kitse. Ranar Babbar Sallah da kwanakin biki, karen da ya saba da gayan asida sai a tara masa kitsen rago, fatar kaza da romon ƙafar saniya, duk don a kyautata masa. Akwai wata tsoka a gefen tumbi da farkon hanji, fankiriyas, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci. Kitse mai yawa a lokaci ɗaya yakan sa ta kumbura, kuma ciwo ne mai zafi ƙwarai. Yakan bayyana bayan yini ɗaya ko biyu: amai a kai a kai, ƙin abinci, sannan ka ga karen ya kwantar da ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa ya bar gindi a sama, ya daɗe a haka. Sauƙin ciwo yake nema. Ƙarin ruwa da allurar kashe zafi yake bukata, ba jiƙo ba. A ranar yankan kuma, duk huhu ko hantar da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinta, a ƙone ko a binne da zurfi. Idan kare ya ci ta ɗanya yakan ɗauki tsutsar da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya koma jikin mutane ya yi irin wannan ƙullin a hantarsu. Cuta ce sananniya a raƙuma da shanun Sudan.

'Yan'uwanmu masu agashe, wannan taku ce. Tsinken da aka zare nama aka yar yana ɗauke da ƙamshin mai da ƙuli, kare kuwa haɗiye shi yake yi gaba ɗaya. Tsinke na huda tumbi da hanji. A tara su a gwangwani a ƙone. Haka dafaffen ƙashin kaza da na rago, yana tsagewa da kaifi. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro, ƙwallon goruba, da ledar da aka ƙunso ful ko nama a ciki, duk suna toshe hanji. Alamar toshewa ita ce duk abin da ya ci ko ya sha ya dawo, kashi ya ɗauke, ciki na ciwo idan an taɓa. Zabibi da inabi suna kashe ƙoda. Cakulan, goro da tukar gahawa suna rikita zuciya.

Akwai kumburin da ba ruwansa da abincin daren. Ɗan kwikwiyo mai ƙaton ciki, siraran ƙafafu da busasshen gashi, tsutsa ce. Ana ba su magani tun suna mako 2, a maimaita duk mako 2 har su kai mako 8, sannan wata-wata zuwa wata 6, manya kuwa duk wata 3, gwargwadon nauyinsu. In kwikwiyo ya haɗa amai da zawon jini mai ƙarni, cutar farbo ake zargi, a ware shi a kira likita. Karya da ta gama zafin neman namiji da wata ɗaya ko biyu, cikinta ya yi girma, tana yawan shan ruwa, ba ta ci, a duba mahaifarta, tana iya cika da mugunya. Cikin da ke girma sannu a hankali tsawon makonni yana reto, ruwa ne ke taruwa, daga zuciya ko hanta.

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane ke komawa gidajensu, wasu kan tarar da karen da suka bari, ko wani ya maƙale musu, ƙashi da fata. Zuciya za ta ce a cika masa roba. Kada a yi. Jikin da ya daɗe da yunwa, abinci mai yawa farat ɗaya na iya rikita gishirin jininsa har zuciya ta tsaya. A fara da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya ci a yini, a raba shi sau 4 zuwa 6, a riƙa ƙarawa har mako ya zagayo. A kai shi allurar haukan kare kafin yara su saba da shi.

Rigakafin duk wannan ba ya cin kuɗi. Abincin da kake ba shi sau ɗaya, raba shi biyu: rabi bayan asuba kafin rana ta yi zafi, rabi bayan magariba. Da azumi ma haka, kada ragowar buɗa-bakin layi gaba ɗaya ta ƙare a gabansa, a ajiye masa rabi zuwa sahur. In mai haɗama ne, baza abincin a faffaɗan tire maimakon roba mai zurfi, ko ka sa wankakken dutse a tsakiya, wanda ya fi ƙarfin bakinsa, ya riƙa zagaya shi. In karnuka biyu ne, raba musu wuri, kishi ne ke sa su haɗiya ba tauna. Ruwa ya kasance a inuwa yini guda, don kada ya zo wa abinci da ƙishirwar wuni. Kare mai kilo 25 yana shan kimanin lita ɗaya da rabi a rana, da bazara fiye da haka. In ya dawo daga gudu yana haki, bari numfashinsa ya daidaita kafin ci, bayan ci kuma ya huta awa guda kafin a sake shi gadi ko yara su ja shi wasa. Wanda ya koma abincin buhu na kanti, ya sauya a hankali cikin mako guda yana gauraya shi da tsohon.

Mai babban kare mai zurfin ƙirji kuma yana da tambaya ɗaya da zai yi wa likita. Ɗinkin nan na manne tumbi da bangon ciki ana iya yinsa tun kare na lafiya, musamman idan za a buɗe cikin karya don cire mata mahaifa, sai a haɗa aikin biyu a barci ɗaya. Ba ya hana ciki cika da iska, amma yana hana tumbin juyawa. Tambayi likitanka ko yana yi, da nawa zai kama, tun karen bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba.